Ranar da na shayar da kifin Baba ruwan daɗi

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a shekarun farin nan ba, ina amarya ɗanya shakaf daga Dakusa, an kawo ni wani gida a unguwar Birni, cikin Zinder. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in tona rami in shige.

Surukina, Baba, tsohon ma'aikacin asibiti ne. Duk abin da ya tara a aiki shanu ya saya ya ajiye a Gaffati, fari ya bi su ɗaya bayan ɗaya har garken ya ƙare. Daga nan ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da ya rage masa mai numfashi shi ne wani kifi shuɗi mai rawayar wutsiya, cikin akwatin gilashi, da wani likita Bature ya bar masa da zai koma gida. Akwai duwatsun teku masu rassa a ciki, da ɗan inji mai kumfa da Baba ke wa addu'a duk lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Nan yake wuni a kujera yana kallonsa, yana ce masa "sauran garkena".

Ni aka ba aikin goge gilashin. Rannan na ga wani farin abu ya bushe a bakinsa, na lakata na kai baki (ban san me ya kai ni ba, tun ina yarinya haka nake). Gishiri zalla! A garinmu rijiya in ta yi zartsi ko jaki ba ya sha. Nan take tausayi ya kama ni. Na ce wato tsadar ruwa ta sa an bar bawan Allah cikin wannan azaba, babu mai kula.

Da na tambaya, da an wuce wurin. To amma wa zan tambaya? Mijina direba ne, yana hanyar Agadas. Baba kuwa suruki ne, ko ido ba na haɗawa da shi, balle in buɗe baki in yi masa tambaya. Sai na yanke shawara da ƙwaƙwalwata, wadda a lokacin nake ganin babu irinta a Damagaram.

Kun san ruwa a Zinder a shekarun nan. Layin famfo sai ka fita da safe ka dawo rana ta karya, da bido guda, wato jarka ɗaya tak. Na riƙa rage rabona, na daina wanka sai shafe-shafe, har na cika randa. Ranar Juma'a da aka ɗauki Baba zuwa masallaci, na kamo kifin da hannu. Ashe yana da wata 'yar aska a gindin wutsiya, ya tsaga mini tafi (shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya gargaɗe ni). Na kwashe ruwan gishirin kaf na watsar a kwata, na wanke duwatsun tas, na zuba ruwan daɗi, na mayar da shi.

Baba ya dawo tare da abokansa tsofaffi. Ni da ban taɓa yi masa doguwar magana ba, ranar na durƙusa a bakin ƙofa ina murmushi na ce, "Baba, na sake wa kifi ruwa. Na famfo ne, ko ɗigon gishiri babu."

Duk suka juya wajen gilashin. Na ɗaga kai, sai na ga kifin ya kwanta a gefe guda, shuɗin ya dushe, bakinsa na buɗewa a hankali.

Baba ya ce, "Na dā ɗin fa, 'yata?"

"Na zubar."

"Shi a gishiri aka haife shi. Can ne garinsu." Bai ɗaga murya ba. Ya dubi tsumman da na ɗaure hannu da shi, ya dubi leɓɓana da suka tsage don ƙishi, ya ce, "Rabonki kika ba shi?"

Kuka ya ƙwace mini. Kafin la'asar kifin ya daina motsi.

Baba ya ce, "Ruwan nan kada a zubar, an sha wuya a kansa. A ba dabbobi." Gidan kuwa ko akuya ba ta rage ba. Can ya ce, "A kai wa na maƙwabta."

Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko mijina ba daga bakinsa ya ji ba. Kujerar kuma bai yarda an matsar ba, kullum yana zaune gaban gilashin da babu kowa a ciki. Bai ga damina ba, Allah ya jiƙansa.

Yanzu jikokina na yi mini tsiya wai Kaka ko kujera za ta gyara wa mutum sai ta tambaye shi sau uku. Ina barinsu su yi dariyarsu. Ni dai tun daga ranar, in tausayi ya taso mini, sai in zaunar da shi tukuna in je in tambayo mai abin. Tabon yana nan a tafin hannuna, duk alwala sai mun gaisa.