Baƙo Daga Kansas

"Au, kana nan da ranka, tsoho? Ni da aka ce mini ka narke a kujerar nan."

"Ina nan, ja'ira. Shigo ki rufe ƙofa. Montana ta gaji da ke ne ta koro ki?"

Mahaifina ke nan, Virgil Haugen, da 'yata Marnie. Haka suke gaisawa tun tana ƙarama. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ciwon zuciya ya kama shi, muka sayar da gonarsa ta kusa da Augusta a Montana, muka dawo da shi wurinmu a Salina, jihar Kansas. Ita kuwa Marnie, da aka haifa a nan, aikin jinya ya kai ta Great Falls, can jihar da ya baro. Ta zo mana hutu a watan Afrilu, daidai lokacin da ake neman izinin farautar ragon dutse na daji a Montana. Fiye da shekara talatin Baba yana sa sunansa a ƙuri'ar da ake raba izinin da ita, bai taɓa fitowa ba. Ina kicin ina haɗa kofi, ina jin su.

"Zauna ki buɗe kwamfutar nan," in ji shi. "Uwarki ta ce ba ruwanta."

"Ragon nan dai? Kaka, ragunan da ka fara nema sun mutu, jikokinsu ma tsufa ya kashe su. Kai kaɗai ne maharbin da yake kashe rago da jira."

"Ji mai magana. Ke da kika ga barewa a bakin titi kika ce mini ga akuyar wani ta ɓata."

"Shekarata biyar lokacin!"

"Har yau kan bai ƙaru ba. Rubuta."

Ta rubuta sunansa. "Shekarar haihuwa. Kaka, jerin nan bai kai zamanin Nuhu ba, ya za mu yi?"

"Sa ta uwarki, ta fi ni tsufa a fuska."

"Ina jinku," na ce daga kicin. Ba wanda ya kula ni.

Sai na ji Marnie ta ce, "Suna tambaya, mazaunin jiha ne ko baƙo."

"Wace irin tambayar banza ce wannan? A Montana aka yanke mini cibiya. Ubana yana kwance a can. Kakarki tana kwance a can."

"Ba inda aka haife ka suke tambaya ba. Inda kake kwana."

"Ba kwana nake a nan ba, jira nake. Wa yake kwana a Kansas? Ƙasar da in karenka ya gudu za ka yi kwana uku kana hangensa."

"To a ƙasar ake dafa maka abinci."

"Sa adireshinki."

"Ɗakina ciki ɗaya ne. In masu kula da namun daji suka zo bincike in ce kana ina, ƙarƙashin gado?"

"Ki ce na hau dutse."

"Da robar numfashi a hanci? Su kama ka da ƙarya, su ci ka tara, su hana ka farauta, ni kuma su ja ni kotu. Allah ya sawwaƙe."

"Kin san abin da ake ba baƙi? In an raba takardu goma, da ƙyar su samu ɗaya. Ni a jera ni da wani mai ƙaton ciki daga Texas wanda bai san kashin rago da na zomo ba? Ke kuma 'yar Kansas, da kika je jiya jiya, ke ce 'yar gari?"

"Ni ce 'yar gari. In ka zo sai ka cire hula ka gaishe ni."

Na kawo kofin na ajiye. Marnie ba ta kallon kwamfutar, ƙafafunsa take kallo. Ta sunkuya ta danna idon sawunsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Kaka, tun yaushe suka kumbura haka?"

"Ƙiba ce. Girkin uwarki."

"Girkin Mama bai taɓa sa kowa ƙiba ba. Daga nan zuwa banɗaki sau nawa kake tsayawa?"

"Ba tsayawa nake ba. Kallon ƙasa nake."

"A Kansas?"

Ban taɓa ganin ta faɗa masa magana ya bar ta ta wuce ba sai ran nan. Ya juya fuskarsa wajen taga, na'urar numfashinsa tana ta huci a gefen kujera.

"Na sani, 'yar nan," ya ce. "Ko yau suka ba ni, ba zan kai gindin dutsen ba. Likita ya faɗa, na ji shi, kurma nake yi masa kawai. Ba ragon ba ne. Ba na so in mutu takardar Montana tana ce mini baƙo."

Na koma kicin, don kada ya ga fuskata. Daga bakin ƙofa nake leƙensu.

"In rufe?" in ji Marnie a hankali. "Ba dole ba ne bana."

"In ban sa bana ba, yaushe?"

"Ƙarya dai ba zan rubuta maka ba, Kaka. Ko za ka tsine mini."

"Taurin kai kamar jaki. Ban san inda kika samo shi ba."

"Ni ma ina ta bincike."

Kofinsa ya huce. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna kwamfutar.

"Danna."

"Wanne?"

"Kin san wanne. Danna kafin in fasa."

Ta danna "baƙo". Ba ta yi masa tsiya ba, shi ma bai dube ta ba.

"Lorna," ya kira ni. "Buɗe durowar ƙasa ta ɗakina, ki kawo mini jakar fatar nan."

Na kawo. Madubinsa na hangen nesa ne a ciki, gefensa duk ya goge saboda riƙo. Ya ɗora wa Marnie a cinya.

"Watan Nuwamba ki shiga kwazazzabon Kogin Sun, can wajen Augusta, da sassafe. Lokacin ne ragunan suke karo. Kafin ki gan su za ki ji su, kamar ana sara itace. Ki zauna ki rufe bakin nan naki, in zai rufu."

"Kaka, ban iya amfani da shi ba."

"Ƙaramin gefen ake sa wa ido, 'yar gari."

Ta riƙe shi da hannu biyu, hawaye yana zuba mata. "In na gan su in ce musu me?"

"Ki ce wani baƙo daga Kansas yana gaishe su."

Ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari. Marnie ta tashi ta gyara masa robar hancinsa, ta riƙe kafaɗarsa har tarin ya lafa.