Inda Aka Binne Cibiyar Shugaba Waim

Duk wanda ya ce kwarin Ambu bai haifi manyan mutane ba, bai taɓa ganin Mista Kornelius Waim yana fitowa daga motar haya ba. Sauran fasinjoji sauka suke yi, shi kuwa isowa yake yi. Jakar takardu ce ke fara leƙowa, sai tumbi, sai usur ɗin da ke rataye a wuyansa, daga ƙarshe shi kansa, yana ɗaga wa matan kasuwa hannu kamar tarbarsa suka zo yi, ba sayar da dankali ba.

Shi ne Shugaban Kwamitin Tantance 'Yan Wasan Zari-Ruga na Gabashin Kogi. Shi ya ƙirƙiro kwamitin, shi ya zaɓa masa shugaba, aka kuma yi sa'a zaɓin ya faɗa kan wanda ya fi kowa cancanta. Mahassada na cewa bai taɓa buga wasan ba. Wannan ƙage ne. Sau ɗaya yana makaranta an jefo masa ƙwallo, ya kauce, kuma har yau yana ba da wannan misali in yana yi wa matasa bayanin hangen nesa.

Iliminsa daga birnin Brisbane na Ostireliya ya samo shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka tura shi wani taro na kwana huɗu a can, biyu daga ciki ya yi su a filin jirgi yana neman akwatinsa. Sauran biyun sun wadatar. Tun daga lokacin ba ya buɗe baki sai da "a Brisbane", ko da farashin kabeji ake gardama. Shi ya sa muke kiransa Baba Brisbane. Ya ɗauka sarauta ce, mu kuma ba mu ga dalilin ɓata masa rai ba.

Kowace shekara, in an gama tsinkar kofi, Gabas da Yamma sukan kara, goma sha uku da goma sha uku, a filin da ke bayan coci. Mu mutane ne masu kishin asali. Mu ne ke fasa wa juna kai a gaban talabijin saboda wasan jihohi biyu na Ostireliya da babu ɗayanmu da aka haifa a cikinsu. To balle kuma kogin da muke wanka a ciki.

Wasan bana ya fi na kullum zafi, don an ce wakilin wata ƙungiya zai taso daga Port Moresby, babban birnin ƙasa, da takardar kwantiragi guda ɗaya tak. Kowa ya san sunan da za a rubuta a kanta: Nime Gigmai, mai dakon buhunan kofi a masana'anta, magidanci mai 'ya ɗaya. In Nime ya rungumi ƙwallo, sai ka ga ƙarti uku rataye a jikinsa yana tafiya da su kamar ya rage musu hanya. Shekararsa ashirin da huɗu, kuma masu neman 'yan wasa ba sa hawa tsaunukanmu sau biyu.

Sai dai Baba Brisbane yana da ɗan ƙanwa, Filimon, wanda shi ma gurbin Nime yake bugawa. Filimon yaro ne mai natsuwa. Ba a taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar da aka buɗe ramin gashin nama a bikin ɗiyar fasto. Kada wani ya ce wannan yana da alaƙa da abin da ya biyo baya. Shugaba da kansa ya ce babu, sau uku, ba tare da an tambaye shi ba.

Ya jira sai da Yamma ta rufe jerin 'yan wasanta, sannan ya tara mu a rumfar coci, ya busa usur duk da cewa kowa shiru yake.

"Jama'ar Gabas," in ji shi, "a Brisbane ba a wasa da asali. Zamanin da kowane ɗan tsallake zai sa rigarmu ya wuce. Sashe na Tara: duk wanda zai taka filin nan da sunan Gabas, ɗan wasa ne, ko koci, ko jami'i, sai in a gabashin kogi aka binne cibiyarsa. Na rubuta, na amince, na kuma taya kaina murna a madadinku."

Wannan "koci ko jami'i" saboda Malam Toa aka sa shi, malamin makarantar da ke horar da 'yan wasanmu, mutumin bakin teku, wanda ya taɓa gyara wa Shugaba lissafin maki a bainar jama'a. Sauran sashen kuwa na Nime ne. Duk kwarin ya san naƙuda ta kama uwarsa a Yamma, ranar da ta haye gada zuwa makokin yayanta. Ga shi Yamma ta rufe jerinta. Ba nan, ba can.

Nime ya bi Shugaba har gida, hula a hannu. Ya ce a Gabas ya yi rarrafe, a Gabas ya karya haƙorinsa na gaba yana tare wani ƙaton Yamma bara, kuma Shugaba da kansa ya ɗaga hannunsa a hoto. Baba Brisbane ya saurare shi ido a lumshe.

"Ɗana, ni ba ni da ra'ayi," ya ce. "Ni doka ce kawai da aka yi wa ƙafafu."

Da ƙaramin mutum ne, da a nan ya tsaya, ya soke suna ɗaya ya rubuta wani. Amma manya ba sa son aiki a ɓoye, musamman aikin da za a iya yi da teburi da hatimi. Ya sa ranar Tantancewar Cibiya ta Farko a Tarihin Kwarin Ambu. Ya ari zanen bagadi ya shimfiɗa a teburi. Ya sa jar rigarsa ta Brisbane, wadda shekaru suka sa ta daina haɗuwa da wandonsa.

Abu ɗaya ya manta. A wurinmu namiji ba ya kusantar ɗakin haihuwa, ko inuwarsa ba ya takawa. Babu wani namiji a kwarin da ya san inda aka binne tasa cibiyar, balle ta wani. Dole aka aika a kira Kaka Druwa, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin kwarin da tsagin gora. Ta iso ba takalmi, jakar saƙa rataye a goshi, baki ja wur da goron buai. Shugaba ya miƙe ya yi mata kirari, ya kira ta ma'ajiyar tarihi, ya shelanta cewa shaidarta ita ce ta ƙarshe, babu ɗaukaka ƙara. Ya rubuta haka, ya buga hatimi har teburin ya yi tsalle.

Aka fara kiran sunaye. Tsohuwar ba ta ko tunani. Wannan tasa tana gindin ayabar bayan gidansu. Wancan tasa tana kusa da shingen gonar kakarsa. Na gaba ya zo da ƙafa maimakon kai, shi ya sa har yau yake yin komai a juye. 'Yan wasa na sunkuyar da kai, matansu na dariya.

Da aka zo kan Nime, Shugaba ya riga ya ɗaga alƙalami.

"A Yamma na karɓe shi, gaskiya ne," in ji Kaka Druwa. "Amma wa ya taɓa barin cibiya a gidan makoki? Inda uwa ke noma ake kai ta. A ganyen ayaba na naɗe ta, a cikin wannan jakar na haye gada da ita, na binne a gonar uwarsa, na dasa jan itacen tanget a kai. Je ka duba, itacen ya fi ka tsawo. Ko da yake wannan ba abin yabo ba ne."

Rumfar ta ɗauki ihu. Nime dai zama kawai ya yi a ƙasa ya rufe fuska da hula. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce wannan ya nuna adalcin kwamiti, a ci gaba. Suna na gaba Filimon ne. Kaka ta ce wannan ba aikinta ba ne, a asibitin birni aka haife shi, can Lae, sai a je a tambayi masu kwashe shara.

Nan Shugaba ya busa usur ya ce an tashi. Sai Malam Toa ya ɗaga hannu cikin ladabi. Ya ce shi ya karɓi hukunci, tasa cibiyar tana gindin kwakwa a bakin teku, zai koma cikin 'yan kallo. Yana dai tunatarwa ne cewa sashen ya ambaci jami'i, kuma saura jami'i ɗaya.

Kaka Druwa ta ƙanƙance ido ta dubi Shugaban Kwamiti. "Kai, Koni? Taka ai da hannuna na binne ta a Gabas, bayan ɗakin uwarka."

Shugaba ya buɗe hannuwa ga jama'a, yana murmushin mutumin da tarihi ya wanke.

"Kwana biyu ta yi," ta ci gaba, bayan ta tofar da buai. "Aladen babanka, baƙin nan mai yankakken kunne, ya tono ta ya haɗiye ina kallo. Na bi shi da itace, ban cim masa ba. Bayan wata uku aka kora shi Yamma cikin sadakin kawunka. A can aka gasa shi."

An yi gardama har inuwa ta juya, amma doka doka ce. Shugaba ya nemi ɗaukaka ƙara, aka nuna masa hatiminsa, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Dattawan Gabas suka rubuta wa na Yamma wasiƙa mai daɗi, suna taya su murnar samun gogaggen jami'i mai ilimin ƙasar waje, kyauta. Washegari amsa ta hayo gada. Dattawan Yamma sun ce suna tune da aladen, mai kitse ne, sun kuma gode. Sai dai kayan cikinsa karnuka aka zuba wa, kuma binciken da suka yi ya nuna karnukan na Gabas ne, rakiyar sadaki suka zo. Tsofaffi sun ce shekara arba'in rabon da ɓangarorin biyu su yi musayar wasiƙu masu ladabi haka.

Ranar wasa Nime ya dire ƙwallo a bayan layi sau uku, na ƙarshe da mutum biyu a gadon bayansa. Baƙon Port Moresby bai jira teburi ba, a kan murfin motarsa aka sa hannu, matar Nime na goye da 'yarsu tana riƙe takardar kada iska ta ɗauke. Filimon ya yi rawar gani a wajen rabon lemo.

Baba Brisbane ya zo da wuri, da jaka da usur. Mai tsaron ƙofar Gabas ya karanta masa Sashe na Tara. Mai tsaron ƙofar Yamma ya karanta masa wasiƙa. Sai ya koma kan gada, wuri ɗaya tilo a kwarin da ba na kowa ba. Daga can ba a ganin fili, sai dai a ji sowa. Yana shaida wa masu wucewa cewa a Brisbane ma manya daga sama suke kallo.

Can wata mata ta zo wucewa tana jan alade da igiya, ta ce, "Baba, a ba mu hanya." Aladen ya tsaya, ya sa hanci a takalmin Shugaba, ya daɗe yana shinshinawa. Matar ta fizgi igiyar ta ce wa aladen ya wuce, ba yau ake gaida dangi ba.