Ranar da Manya Suka Zo Koya Mana Tafiya da Ƙafa

Ranar Asabar da ta wuce na sha rana awa huɗu cur a filin makarantar unguwarmu, ina jiran manya su zo su koya mini tafiya da ƙafa. Ni da na fara tafiya tun ba a haifi direbobinsu ba. Amma kada ku yi mini dariya tukuna, jama'a, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wata biyar ke nan, a sallar Azahar, na yi sujada na zo tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na dafa ƙasa, shiru. Sahu duk ya miƙe ya bar ni. Sai na cafki abin da ke kusa, ashe rigar maƙwabcina Muhyiddeen tela ce. Ni dai na tashi, aljihunsa kuma ya biyo ni. Da aka sallame ya dubi aljihun, ya dube ni. Washegari na iske farar kujerar roba a ƙarshen sahu, jikin bango. Ladan ya ja ni gefe cikin ladabi.

"Malam Mukhtari, addini sauƙi gare shi. Ga kujera munka samo maka."

Shekarata hamsin da huɗu. Mai kujerar da ke kusa da ita, Baba Yari wanzami, shi ya yi mini askin suna. Na yi wa ladan godiya, amma na ƙudurta a raina: in ciwo ne Allah Ya kawo, zan zauna in gode Masa. Tuwo dai ba zai ɗora ni kujera a masallaci ba.

Don kuwa tuwo ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ƙuruciya ni ke kai albasa Ƙonni a kan keke, buhu biyu, in dawo kafin La'asar, in zauna in share malmala huɗu, ciki kamar faranti. Yau shekara goma sha biyar ina zaune a shago ina sayar da butoci da igiya. Keken ya daɗe da tafiya, mashin ya maye gurbinsa, malmala huɗu tana nan daram. Ga shayi mai cokali uku, ga dogon burodin nan na Ƙonni, ga furar rana, ga mai tsire da ya san sunana ya san na 'ya'yana.

Na tafi ƙaramin asibitinmu. Malama Mahbuba ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta ce ya kamata a san nauyina.

"Baba, sikeli muna da shi, sabo dal. Sai dai yana cikin kwali, ofis a kulle. Ba a ƙaddamar da shi ba."

"Mi ya hana, ɗiyata?"

"Wanda zai yanke ƙyalle bai samu sarari ba. Bana shekara biyu ke nan."

Allah Ya ja zamanin mai yankan ƙyallen, Mai Girma Na-Bayan-Gilashi. Mutum ne mai tattalin kayan gwamnati. Da wani ne da tuni talakawa sun tattake sikelin da ƙafafunsu masu faso.

Sai ta tura ni kasuwa wurin Zakari mai awon wake. Na hau sikelinsa tsakanin buhuna, dillalai sun kewaye ni. Zakari ya matsa ƙarfen, ya kanne ido ya ce, "Ɗari da takwas. Buhu guda da tiya uku. Da kai wake ne da ban bari ka sauka ba."

Da na koma, abin da Malama Mahbuba ta gaya mini ba shi da tsawo. Ni kuwa boko da girma na yi shi, a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa in mai ilimi na magana nake kama bakina in buɗe kunne. Ta ce jikin ɗan hamsin murhu ne da wutarsa ta ja baya, ni kuma ina ta ɗora masa tukunya irin ta ɗan ashirin. Ta ce kada in yi wa cikina juyin mulki, zai yi tawaye cikin mako guda. In rage malmala ɗaya tukuna. Sukari ya sauko cokali biyu, bayan wata ya koma ɗaya. A yawaita zogale da rama. Bayan Asuba in taka, yau zuwa bakin titi, jibi in ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

A baki kamar wasa. Yaƙin farko a gida aka yi shi. Mai ɗakina Shafa'atu ta aje muciya ta dube ni.

"Malam, shekara talatin ina tuƙa ma tuwo, yanzu kake so matan unguwa su ce na bar ka da yunwa?"

Na lallashe ta, ta yarda da malmala uku. Da dare aka kawo uku ɗin, kowace ta kai kan jariri. Sai da na ba ta labarin kujera. Ta ɗauke kwanon. Tun ranar ita ke ɓoye gwangwanin sukari, har ni nake roƙo.

Yaƙi na biyu ya fi zafi. A Illela magidanci ba ya tafiya da ƙafa sai in mashin ya lalace ko arziki ya karye. Ban kai bakin titi ba 'yan kabu-kabu uku suka tsaya. "Baba hau, don Allah, ba sai ka ba da komi ba." Kafin mako ya zagayo labari ya kai Amarawa cewa na sayar da mashin, shago ma saura ƙiris. Muhyiddeen ya zo har zaure, ya rage murya.

"Mukhtari, don irin wagga rana aka yi maƙwabtaka. In wani abu ya faru, hwaɗa min. Batun aljihu na yahe."

Ranar da na miƙa har hanyar iyaka kuwa, wani mai kaki a shinge ya tsayar da ni. Ya saba ganin 'yan fasa-ƙwauri masu naɗe atamfa a ƙugu su rufa da babbar riga. Ya sa sanda ya taɓa mini ciki ya ce, "Turmi nawa ne nan?" Na ce ranka ya daɗe, kayan gida ne, shekara goma sha biyar nake tara su. Sai da na ɗaga riga. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma sanda tana yi masa cakulkuli. Ogansa na kwance a benci yana kallo, nasa ya ninka nawa, ba wanda ya tambaye shi takarda.

To kun ji dalilin da ya sa na yi murna ranar da mota mai lasifika ta zaga gari tana shelar Gagarumin Tattakin Lafiya. Na ce alhamdu lillahi, in mutane suka ga manya na tafiya a ƙasa, za a daina yi mini jaje. Na ja Muhyiddeen, ƙarfe bakwai muna fili.

Sha ɗaya saura suka iso, mota goma sha huɗu, a garin da muke kwana biyu a layin mai. Aka buɗe wa Mai Girma ƙofa. Ya sha farar riga mai hotonsa, hoton ya baje a gaba har kunnuwan sun koma wajen haƙarƙari. Mai laima a dama, mai ruwan sanyi a hagu, motar asibiti na biye a hankali ko da tsautsayi. Aka busa usur. Suka taka daga ƙofar makaranta zuwa gindin darbejiya. Ni mai sauraro ne, mai lura kuma: taku arba'in da uku. Mai hoto ya ce rana ta ɓata masa, a sake. Mai Girma ya ce a yi haƙuri da na farkon.

Daga nan aka shiga rumfa, su a inuwa mu a rana. Na hannun daman Mai Girma, Sarkin Yaƙin Alkawari, ya karɓi lasifika ya yi mana nasiha mai ratsa jiki, ya ce talakawa mu rage cin maiƙo. Muhyiddeen ya raɗa mini, "Wane maiƙo? Rabona da nama tun layya, shi ma na suruki ne." Aka ce za a gina mana filin motsa jiki irin na ƙasashen waje, kuma tuni an kafa kwamitin mutum goma sha biyu da zai tafi can ya gano yadda suke tafiya da ƙafa. Muka tafa. Kafin tafin ya lafa sai ga raguna biyu gasassu an shigo da su a kan tire, don manya su mayar da abin da suka ƙona.

Ni ba mai yawan magana ba ne, amma na matsa kusa da wani mai riƙe da jakar Mai Girma, na ce tunda Allah Ya kawo su gari, ga asibiti can taku ɗari biyu, ko za a leƙa a buɗe mana sikeli? Ya dube ni kamar na nemi ya ba ni 'yarsa. "Taku ɗari biyu? Baba, ba ka ga yanzu ya gama tattaki ba?"

Na ga gaskiyarsa. Ba a ɗora wa raƙumi kaya biyu rana ɗaya.

Muka kamo hanya a ƙasa, ni da Muhyiddeen, shi yana haki ni ina jiransa. Muka iske ana tada iƙamar Azahar. Ya tsaya kusa da ni, ya tattare rigarsa ya danne da hannu. Na yi sujada, na ce bismillah a zuci, na miƙe. Ban dafa kowa ba. Raka'a ta biyu, ta uku, ta huɗu, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma tana buɗewa. Da aka sallame ladan ya dube ni ya yi murmushi, ya sa aka mayar da kujerar ɗakin tabarmi.

Ba wai na zama barewa ba. Zakari ya ce kilo bakwai ne suka tafi cikin wata biyar, har yanzu cikina ke riga ni shiga masallaci, sai dai yanzu ba ya daɗewa yana jirana. Ina roƙonku dai, wannan magana ta tsaya tsakaninmu. In ta kai kunnen Mai Girma, kilo bakwai ɗin nan nawa za su bayyana cikin jerin ayyukan da ya kammala bana.