Rasuwar Sarkin Ƙofa, Mai Gadin Intanet na Shagon Gwale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe da bandeji, ni Alhaji Gidaɗo mai shagon kwamfuta na Gwale nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar saba ɗina, baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin teburina, wanda Injiniya Ashafa ke kira furoksi, mu kuma muke kira Sarkin Ƙofa. Ya rasu ranar Alhamis bayan gajeriyar jinya da doguwar sanda.

Marigayi mai gadi ne da ba a gani. Duk wanda ya zauna a shagona zai shiga intanet, rauta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet, ita ce ke karkato shi ta hannun marigayi, shi bai ma san an tare shi ba. Sai marigayi ya duba dokokin da Ashafa ya jera masa, ya ce wannan ya wuce, wannan ya koma. Caca ba ta taɓa wucewa ba. Hotunan banza kuwa, na sha ganin ƙato da gemunsa ya danna, farin shafi ya fito da Turancin an hana, ya tashi sum-sum kamar wanda aka kama a rumbun wani. Bai san ɗan mai unguwa ba, bai san surukina ba. Magana ba ta dame shi ba. In yana cikin nishaɗi ya ce fuuu, in aiki ya yi yawa ya ce ƙir-ƙir-ƙir. Ko ni da na ciyar da shi wuta ban taɓa jin wata kalma bayan waɗannan ba.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da za a rufe rajistar makarantar ungozoma, wadda 'yata Bahijja ta shekara tana karatu dominta. Abin ba ya yiwuwa a waya, sai da na'urar dangwala yatsa, ga ta kuwa a shagon ubanta. Ta buɗe shafin makarantar, marigayi ya ce an hana. Ta sake, an hana.

Na kira Ashafa, yana cikin mota hanyar Zariya. Ya ce, "Alhaji, abu mai sauƙi ne. Ka ƙara layi ɗaya cikin dokokin, a bar shafin makarantar ya wuce." Ya karanto mini harafi-harafi, ina dannawa da yatsa ɗaya, sai layin wayarsa ya yanke.

Bahijja ta ce, "Baba, ina ga a sama ake sa shi."

Na ce, "Ke, rufe mini baki. Wanda ya zo masallaci a makare ba ya tsallake wuyan mutane ya shiga sahun gaba. Sabon zuwa, baya."

Na ajiye shi can ƙasa, a ƙarshen sahu, yadda tarbiyya ta ce. Aka gwada, an hana.

Ni kiwo na tashi ina yi kafin in san kwamfuta, na kuma san maganin saniyar da ta ƙi hanya. Na fara da mari. Ya ce ƙir-ƙir. Na kashe shi na kunna, na ba shi damar tuba, ya dawo da taurin kansa. Na sa ƙafa. Na jawo sandar da na gada wurin mahaifina, na zuba masa a gadon baya har murfin ya lotsa. Maƙwabcina Ɗalha mai walda ya shigo ya riƙe ni yana cewa, "Haba Alhaji, ƙarfe ne fa!" Na ce to madalla, ara mini gudumarka. Bai ba ni ba, ni na ɗauko. A bugu na fari fankar cikinsa ta yi tsalle ta faɗa kwata. A na gaba hanjinsa ya zubo, wayoyi ja da baƙi, gefen murfin ya yanke ni a tafin hannu. Ya ce ƙiiit, siririya, bai ƙara ba.

Na juya na ce wa Bahijja mai gadi ya mutu, ƙofa a buɗe take, ta shiga. Ashe rauta ba ta san an yi rasuwa ba. Ta ci gaba da tura kowa wurin gawa, shago gaba ɗaya ya yi ɗif. Kafin yarinyar nan ta kai wani shago a Koki ta bi layi, an rufe rajista.

Da Ashafa ya sauka ya kira, ya ce marigayi daga sama yake karanta dokoki, ya tsaya a ta farko da ta dace, kuma layin da ke ƙarshe cewa yake a hana duk wanda ya rage. Wai duk abin da aka rubuta a bayansa, ko kallonsa ba ya yi. Na ce to wannan rashin tarbiyya ne, kuma ba a gidana ya koya ba.

Marigayi ya bar mata ɗaya, rauta, wadda har yanzu take ƙyafta ido tana aika masa baƙi. Ya bar kwamfutoci marayu, da tsohuwar firinta mai tari, da janareta wanda dama ba sa shiri. Ya bar Bahijja, wadda tun ranar take ajiye mini tuwo ta juya ta fice.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka Ɗalha zai ɗauki gawar a baro zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ranar Asabar bayan la'asar. Masu rakiya su haɗu a ƙofar shago. Kada wanda ya zo mini da nasiha kan haƙuri, gudumar tana nan ban mayar ba.

Ba za a yi zaman makoki ba. Ranar Litinin da sassafe zan sa babbar riga in tafi makarantar ungozoma roƙon a yi wa Bahijja rajista. Ban taɓa durƙusa wa ɗan'adam ba tun da aka haife ni, amma zan durƙusa wa duk wanda na tarar a ofishin nan, ko masinja ne. Wanda ya san wani a can ya zo ya raka ni. Ita ce kaɗai ta'aziyyar da nake karɓa.