Bindigar da Ba Ta Girgiza

Ni jikan Sarkin Baka ne, ko da yake abin da na taɓa kashewa bai wuce sauro ba. Wannan bai hana ni cika unguwarmu ta Hayyin Ashir da baki ba, har abokina Usman ɗan Sudan ya ja ni kulob ɗin harbi a Giza. Yana son sauya wa ƙaramar bindigarsa sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi, amma ya rasa wadda ta fi: ta kamfani ko ta kasuwa.

"Ya Hajj, kai ne gwani. Gwada ka raba mana gardama."

Muka isa kulob ɗin. Aka toshe min kunnuwa, na harba mai sakatar kamfani, na yatsina fuska. Aka miƙo mai ta kasuwa. Na danna, na sake dannawa, na kusa da ni suna ta ɓarin wuta.

"Khalas, shi ke nan!" na ce. "Usman, sayi wannan! Laushi kamar man shanu, ko girgiza babu. Kakana ma bai riƙe irinta ba."

Mai horarwa ya jawo takardar da na auna, fara fat. Ya buɗe bindigar, harsasai suna nan cif. Ashe sakatar ta cije tun farko, ban harba komai da ita ba.

"Ma'alish, ya basha," ya ce, wato ba komai yallaɓai, yana cizon leɓe don danne dariya. Usman kuwa dariya har da faɗuwa.

Yanzu ko fankar masallaci ce ta tsaya, sai wani ya taɓo ni: "Hajj, duba mana. Lalacewa ta yi, ko laushi ne?"