Tsugunon da Na Yi da Ƙarfe a Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza a Babura ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ina jinyar karaya. Babur ne ya kayar da ni a hanyar Roni zuwa Kazaure, ƙashin ƙwaurina ya farfashe har ya huda fata. Likita ya ce ba za a rufe ƙafar da filasta ba, don raunin yana buƙatar wanki kullum. Sai aka zura mini ƙusoshi cikin ƙashin, aka ɗaure su da zobban ƙarfe ta waje. Ƙafata ta koma kamar murhun gawayi.

Ana cikin haka Hadiza ta ce Baba yana son ganina kafin a turo manya. Ni kuwa na riga na saka wa raina cewa idan Alhaji, wato mahaifin nata, ya ga ƙarafan nan, zai ce ba ya ba gurgu 'yarsa. Na sa tela ya ɗinka mini wando mai faɗin buhu, na ɗora babbar riga (ana tsakiyar zafi fa), na bar sandunan da nake dogarawa a motar abokina Sani.

"Malam, ka ɗauki ko ɗaya ce," in ji Sani. Na ce ya rufe mini baki.

Na shiga zaure ina takawa a hankali kamar mai nutsuwa, alhali azaba ce. Alhaji na zaune a tabarma da ƙannensa biyu. A gefe ga kujerar roba, da ɗan benci a gabanta.

"Bismillah ɗana, ga kujera."

"Haba Baba, ni a kujera kuna ƙasa? Allah ya kiyaye."

Sai na tafi tsuguno irin na yaro mai tarbiyya. Na manta cewa ƙarfe bai san surukai ba. Zoben sama ya tokare mini cinya, na maƙale a hanya, ban tsuguna ba, ban miƙe ba. Na tafi da baya, rim! Wandon ya yage, na shure kwanon fura, ga ƙafata a sama, ƙarafa suna ta ƙyalli a gaban dattawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Subhanallahi! Ku tallabi ƙafar!" in ji Alhaji.

Shi da kansa ya ɗaga ta, aka zaunar da ni a kujerar da na ƙi, ya ɗora ƙafar a kan bencin.

"Yaro, wannan bencin don wa kake jin aka ajiye shi? Tun kana asibiti muke maka addu'a a masallaci. Ƙafarka ba ta dame ni ba. Ɓoyewar ce zan yi tunani a kanta."

Wannan maganar ta fi faɗuwar zafi. Washegari kuma likita ya ga ƙusa ɗaya ta yi jini, ya wanke ni tas da faɗa.

Alhaji bai gama tunaninsa ba sai da aka cire ƙarafan. Ya ba ni Hadiza dai, amma har yau in na je gidan, ƙannenta sai sun fito da kujerar nan suna ƙunshe dariya. Ni kuma na koyi darasi: yanzu in babba ya ce ga kujera, zama nake yi.