Gashin Bakin Alhaji Barmo da Bindigar Giwa

Duk wanda ya zauna a garinmu ya san Alhaji Barmo. In bai san fuskarsa ba, ya san gashin bakinsa, wanda ya shekara talatin yana murzawa har ya yi ƙaho irin na ɓauna. A bakinsa dai ya kashe giwa bakwai, ya harbo shaho daga cikin gajimare, amma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin ko fiffiken zabo a gidansa.

Ni kuwa, da yake na shekara talatin da biyu ina koyar da lissafi, sai ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata masu gasar harbi ta naɗa ni magatakarda. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji-ta-ji-ta ba ne. A rubuce yake.

Wata Asabar da hantsi aka sa gasar harbin allo daga nisan yadi ɗari takwas. Sajan Jatau, tsohon soja mai kula da ma'ajin bindigogi, ya jera harsasai iri-iri a tebur domin kowa ya zaɓi nasa. Ya ɗauki wani siriri mai tsini, ya miƙa wa Alhaji.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne na nesa. Yana tsaga iska, ba ya saurin faɗuwa, bindigarsa kuma ba ta shuri."

Alhaji ya riƙe shi da yatsa biyu, ya ja tsaki. "Sajan, ni za ka ba tsinken sakace? Wancan fa, mai kama da taɓarya?"

"Na giwa ne, Alhaji. Aikinsa yadi hamsin a cikin kurmi. Nauyi gare shi, ga faɗin kai. Kafin ya kai allo ya gaji."

"Harsashi ya gaji? Jaki ne? Babban goro sai magogin ƙarfe. Miƙo!"

Na matso cikin natsuwa, na soma zana masa yadda harsashi yake lanƙwasowa ƙasa a tafiyarsa. Ya ture takardar.

"Malam, adana iliminka. Lokacin da nake kayar da giwa, kai kana koya wa yara biyu sau biyu. In harsashin nan bai huda tsakiyar allo ba, a aske mini gashin baki a nan, gaban jama'a. Rubuta!"

Na rubuta, har da kwanan wata.

A ƙa'idarmu akwai mutum a cikin rami ƙarƙashin allon, mai ɗaga farar tuta in an samu, ja in an kuskure. Alhaji ya yi rub da ciki, ya gyara babbar riga, ya manna idonsa a jikin madubin hangen nesa da ke kan bindigar.

Sajan ya ce, "Alhaji, ja idonka baya kaɗan."

"Kai, rufe mini baki!"

Daram!

Tsuntsaye suka watse. Hular Alhaji ta yi sama. Can a tsakiyar fili, ko rabin tafiya bai kai ba, ƙasa ta yi bul, ta kwanta. Muka zuba wa allo ido. Babu fara, babu ja. Can sai wayar Sajan ta yi ƙara. Mutumin rami ne, yana tambaya, "An fara ne, ko in ci gaba da jira?"

Alhaji kuwa yana zaune dirshan, jini na bin girarsa, domin bindigar ta yi shuri, bakin madubi ya sare shi.

"Wayyo, an harbe ni!"

Sajan ya ce, "Ba a harbe ka ba, ranka ya daɗe. Giwar ce ta rama."

"Iska ce ta kaɗa harsashin!"

Muka dubi ganyen darbejiya. Ko motsi.

Sajan ya ɗauko akwatin magani, ya ce filasta ba za ta kama ba sai an aske girar. Ya aske. Reza na hannunsa, jama'a suka buƙaci a karanta abin da ke rubuce. Na miƙe, na gyara tabarau, na karanta dalla-dalla, kamar yadda aka horar da mu. Ƙwas, ƙwas! Aikin shekara talatin ya zube a kan babbar riga.

Sajan ya goge reza, ya durƙusa cikin ladabi.

"Alhaji, ka dai iya ciniki. Gashin baki ka yi alkawari, ga shi ka ba mu gyara da gira."